Alheri a Aji da Ofis

A yammacin Jihar Kano, watau ƙasar Gwarzo da Kabo da Ƙaraye, akwai gidajen Maguzawa waɗanda suka shiga addinin Kirista, suna zaune cikin Musulmi, gona kusa da gona, kasuwarsu ɗaya, harshensu ɗaya. Malamin da aka tura koyarwa Gammo ko Garo, da akawun da ke zaune a ofishin ƙaramar hukuma, ba za su daɗe ba su gamu da su. Saboda haka muka ga ya kamata ma'aikatanmu su san abin da addinin nan ya koya wa mutanensa game da zaman tare, gama rashin sani shi ke kawo zargi.

Cikin Linjila ta hannun Luka, sura ta 10, akwai labarin wani matafiyi da 'yan fashi suka tare, suka yi masa rauni, suka bar shi kwance a hanya. Manyan masu ibada biyu suka zo suka ratse. Wanda ya tsaya ya ɗaure masa raunukan, ya kai shi masauki, ya biya kuɗin jiyya, Basamariye ne, mutumin kabilar da ba ta ga maciji da ta marar lafiyan. To, nufin labarin a fili yake: maƙwabci shi ne duk wanda bukatarsa ta same ka a hanya, ko ɗan'uwanka ne ko baƙo. Musulmi ba zai ji wannan bambaraƙwai ba, tun da yake ya san nauyin da aka ɗora masa game da haƙƙin maƙwabci, kowane irin addini gare shi.

Magana dai ba ta da wuya, aiki shi ne ma'auni. Mu duba kutare. A wajen 1937 hukumomin En'e na Kano da Katsina da Sakkwato suka danƙa wa Mishan ɗin Sudan Interior riƙon sansanonin kutare na Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. A Kano zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne. Lokacin nan ba wani magani mai ƙarfi, sai allurar wani mai na itace mai zafin gaske, ga jinkirin aiki. Kuturu kuwa an ware masa ƙwaryarsa, ba mai son haɗa hannu da shi. Amma aka sami mutane, Turawa da 'yan ƙasa, suna wanke gyambo kowace safiya, shekara da shekaru, har ƙwayar dafson ta zo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Yau an san cutar tana warkewa sarai, wanda ya fara shan magani kuma ba ya sa wa kowa. Har wa yau su ne suka buɗe asibitin ido na Kano a 1943, wanda ke hannun ikilisiyar ECWA yanzu. Tsofaffi nawa ne daga ƙauyukan Gwarzo aka ja su da sanda zuwa can, suka komo gida da ƙafarsu?

Ba mu ce ba a yi gardama ba. Sarakuna da malamai sun yi tsoron kada jiyya ta zama tarkon sauya wa marasa lafiya addini, musamman yara, kuma tsoron nan ba na banza ba ne. A ganinmu alherin da aka ɗaura wa sharaɗi ya tashi daga alheri ya koma ciniki. Wannan gargaɗi ya hau kan kowa, mai coci da mai masallaci.

Yanzu sai mu juyo kanmu. Yaro ya zo aji, sunansa Bulus ko Istifanus, Hausa ce a bakinsa tun daga nono, kakanninsa suna noman ƙasar nan tun ba a gina makarantar ba. Ina malam ya zaunar da shi? In yara suka yi masa waƙar tsiya a filin wasa, malam ya tsawata ko ya kau da kai? In ya fi kowa lissafi, a ba shi na ɗayansa, kada a nemi dalili. Haka nan in ubansa ya zo ofis neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa, don ɗansa ya sami shiga makarantar gaba, ba daidai ba ne akawu ya dubi sunan ya ce a komo gobe, goben da ba ta zuwa. Mutumin nan kuɗin mota ya kashe, ya bar shuka tana jiransa. In dagaci ya shaida shi, to, magana ta ƙare, a sa hannu.

Malamai Kirista da ke koyarwa a makarantun Musulmi su ma da nasu. Su lura da yaro mai azumi kada su jibga masa aikin rana, su kuma sallami aji a kan lokaci ran Jumma'a.

Muna roƙon shugabannin kwalejojin horon malamai su ware wa wannan batu darasi kafin ɗalibai su fita gwajin koyarwa. Masu duba makarantu kuma, in sun je Gammo da sauran ƙauyukan Kabo, bayan sun ƙirga kujeru da allo, su buɗe rajista su ga waɗanne yara ne suka daina zuwa, su bi su har gida su tambayi iyayensu dalili.