Kafin ka sayi sabon BCM, ka biya kuɗin bincike

Kawuna yana da akori-kura 'yar Amurka, wadda ya saya ta hannu, da ita yake ɗaukar buhunan hatsi. A daminar bara motar ta fara wasu halaye da suka sa direbansa ya rantse cewa an yi mata asiri. Waifa ta tashi da kanta rana tsaka, makullan ƙofa su riƙa buɗewa suna rufewa ana cikin tafiya, siginar hagu ta yi aiki yau gobe ta ƙi. Abin da ya fi damun Kawu shi ne batir: a kashe mota da dare lafiya, da asuba ko ƙyas ba za ta yi ba.

Mai wayarin ya duba fiyus, ya ɗan jijjiga wayoyi, ya ce biren-bos ne. Yana nufin BCM, ƙaramar kwamfutar da ke kula da lantarkin jikin mota. Gaskiya ya faɗa, BCM ɗin ya lalace, amma duk da haka ina ganin hanyar da aka bi ba daidai ba ce, kuma ita ce hanyar da yawancinmu muke bi.

Mutane da dama suna zaton biren-bos ɗaya ne a mota. Motar zamani tana da kwamfutoci da yawa: ta inji daban, ta giya daban, ta birki daban, sai BCM mai riƙe da fitilu, waifa, hon, gilasan ƙofa, makullai, a wasu motocin har da tsaron makullin tayar da mota. Idan ka murɗa madannin waifa, ba wuta kake tura wa motar waifa kai tsaye ba kamar a tsohuwar Fijo. Saƙo kake aika wa BCM, shi ne zai yanke hukunci ya ba da wutar. Duk kwamfutocin nan suna magana da juna ta wayoyi biyu murɗaɗɗu da ake kira CAN, tsarin da kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986.

Ni aikina rubuta manhaja ne, ba ni da alaƙa da sifana. Amma da na fahimci wannan sai na ga ai gida na zo. Kwamfuta ce mai karɓar bayani ta fitar da umarni, kuma duk wanda ya taɓa bin diddigin matsala a manhaja ya san cewa inda alama ta bayyana ba lallai ne nan cutar take ba. BCM mai lafiya ƙalau zai yi hauka idan batir ya yi rauni, ko wayar at da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota ta yi tsatsa, ko wata waya ta goge a cikin robar da ke tsakanin ƙofa da bodi. Alamomin iri ɗaya ne sak da na BCM da ya mutu.

An sayo wa Kawu BCM na Baljiyam, lamba ta yi daidai, soket ya shiga. Aka murɗa makulli, mota ta ƙi tashi, wata 'yar fitilar tsaro tana ta ƙiftawa a dashbod. Dalili kuwa, wannan akwatin ya fito ne daga wata motar, yana ɗauke da lambar shasinta mai haruffa da lambobi 17, da makullanta, da jerin kayan da take da su. A wajensa makullin Kawu na ɓarawo ne. Mota ta kwana uku a gareji kafin a samo mai laftof da ya iya yi mata firogiramin, shi ma da nasa kuɗin. Kwana ukun nan a lokacin da kaya ke jira, wani ne ya ɗauke su.

Bayan mako biyu aka yi ruwa mai ƙarfi, waifa ta sake tashi da kanta.

A nan ne na shiga maganar, ba don na fi mai wayarin sani ba, sai don na nace a cire kafet ɗin gefen ƙafar fasinja, inda akwatin yake. Kafet ɗin jiƙe yake sharkaf. Robar gilashin gaba ta saki a kusurwa, ruwa yana bin ginshiƙin ƙofa yana ɗiga daidai kan soket. Da muka ɗauko tsohon BCM ɗin muka duba, ƙafafunsa sun yi kore. Wato ruwa ne ya kashe na farko, kuma yana kan hanyar kashe na biyu. An liƙe gilashin, an wanke soket an busar, motar tana aiki har yau. Kawu ya ce, “To da ka faɗa tun farko ai.” Na ce, “Kawu, ai ba wanda ya tambaye ni.”

Da sauƙi a ɗora wa mai wayarin laifi, amma ni ban ga haka ba. Mu masu mota ba ma biyan kuɗin tunani. Idan mutum ya shafe awa uku da mita a hannu ya gano cewa ƙusa ɗaya ce ta saki, ya ɗaure ta a minti ɗaya, nawa za ka ba shi? Za ka ce ai ba abin da ya yi. Idan kuwa ya ce a sayo akwati, za ka fito da kuɗi masu kauri ba gardama, don ka ga abu a hannu. Mun koya wa masu gyara cewa canza kaya ne kawai ke kawo abinci, su kuma suka bi. Haka ake yi mana a harkar manhaja: ka kwana kana neman layi ɗaya da ya ɓata komai, mai aiki ya ce gyaran layi ɗaya ne zai ci wannan kuɗin?

Binciken kuma ba wani sihiri ba ne. Batir mai cikakken caji yana nuna kusan bolt 12.6 idan mota a kashe take, idan inji na aiki kuma ya kai wajen 13.5 zuwa 14.5. Idan bai kai ba, a bar maganar BCM tukuna. Sai wayoyin at, a kwance su a kankare a ɗaure. Game da shan batir da dare, ana sa mita a layin batir, a rufe mota a jira kwamfutocin su yi barci, abin da ke iya ɗaukar rabin awa ko fiye. Mota mai lafiya takan sauko ƙasa da miliyam 50. Idan ta ƙi saukowa, akwai abin da ya hana ta barci, kuma sau da yawa ba BCM ba ne, rediyon da aka ƙara ne ko tiraka da wani ya jona ta hanyar feɗe waya. Layin CAN ma ana auna shi: ka cire batir, ka sa mita tsakanin ƙafa ta 6 da ta 14 a soket ɗin OBD mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, a yawancin motoci za ka ga kusan om 60. Idan ka ga 120, an sami yankewa a wani wuri.

Wata magana kan ƙananan sikana irin ELM327 da ake haɗawa da waya ta Bluetooth. Ina da ɗaya, kuma tana da amfani. Amma da manhajojin kyauta na gama-gari yawanci lambobin inji kaɗai take karantawa, waɗanda suka fara da P. Matsalolin jikin mota suna farawa da B, na sadarwa tsakanin kwamfutoci da U. Don haka idan wani ya soka maka ita ya ce “ba kod”, bai ce maka BCM lafiya yake ba, bai ma yi magana da shi ba. Ko da an ga U0140, wadda ke nufin sauran kwamfutoci sun daina jin BCM, ba ta ce ya mutu ba. Wanda fiyus ɗinsa ya ƙone shi ma shiru yake yi.

Akwai ɓangaren da laifin ba namu ba ne. Kamfanonin mota sun kulle aikin firogiramin a bayan manhajojinsu, wasu sai da rajista da biyan dala da intanet mai ƙarfi. Hujjarsu ta hana sata tana da ƙarfi, ba na musu. Amma a Amurka sai da jihar Masachuset ta yi doka a 2012 da ta tilasta musu buɗe bayanan gyara ga garejin da ba na dila ba. Motar da ta tsufa a can ta ƙare rayuwarta a Kano ko Maraɗi ba ta zuwa da wannan gatan. Abin da ke cetonmu shi ne manhajoji irin FORScan, wadda ke bai wa mai Ford ko Mazda damar karanta saitin BCM ya adana shi a fayil. Duk wanda motarsa ke cikin waɗannan, ina ba shi shawara ya sa a kwafe masa saitin yanzu da akwatin ke da rai, don ranar da ruwa ya cinye shi ba lallai ya sake amsawa ba.

Na san za a ce mai akori-kura ba shi da lokacin wannan duka, kaya na jira. Kawu ma haka ya ce. Binciken da ya ƙi jira bai fi na rabin yini ba, ya ƙare da kwana uku a gareji, da kuɗin akwati, da na mai laftof, da komawa karo na biyu. Da an ɗaga kafet ɗin a ranar farko, da BCM ɗin za a canza duk da haka, amma da an san sai an tanadi mai firogiramin kafin a cire tsohon, kuma da an liƙe gilashin kafin ruwa na gaba.

Yanzu direban Kawu yana taɓa kafet ɗin da hannu duk bayan ruwa. Maganar asiri kuma bai janye ta gaba ɗaya ba.