Abin da shuɗiyar inhela ba ta yi wa mai asma



A hunturun da ya wuce, abokin kwanana a hostal ya ƙarar da inhela biyu cikin wata biyu. Da zarar ƙura ta taso sai tari da toshewar ƙirji. Ya ɗauko shuɗiyar inhelarsa, ya shaƙa sau biyu, bayan minti biyar ya ware. Akwai ta biyu mai ruwan ƙasa da likita ya rubuta masa, amma tana ƙasan akwati. Da na tambaye shi dalili sai ya ce: "Malam, waccan ba ta aiki. Na shaƙa ban ji komai ba." A lokacin ba ni da amsar ba shi. Sai a zangon nan, da muka kai darasin magungunan numfashi, na same ta.

Asma matsala biyu ce a haɗe. Ta farko, tsokar da ke kewaye da hanyoyin iska a huhu tana matsewa. Ta biyu, cikin hanyoyin yana kumbura, yana tara majina. Fararen ƙwayoyin jini, wato sojojin jiki, da danginsu su ke jawo kumburin. A jikin mai asma suna ɗaukar ƙura, hayaƙin itace ko na maganin sauro a matsayin abokan gaba. Waɗanda ake kira mast suna fesa sinadarin histamin, waɗanda ake kira iyosinofil kuma suna taruwa suna raunata bangon hanyar.

Maganin da ke cikin shuɗiyar inhela sunansa salbutamol, wanda aka fara sayarwa a Birtaniya a 1969 da sunan Ventolin. Yana maƙalewa a wani gurbi da ke jikin ƙwayoyin tsoka, mai suna beta-2, nan take tsokar ta saki. Abin da ya ba ni mamaki a aji shi ne, fararen ƙwayoyin jini ma suna da wannan gurbin. Gwaje-gwaje sun nuna maganin yana hana ƙwayoyin mast fesa histamin na ɗan lokaci. Ke nan yana ɗan taɓa kumburin shi ma.

To, me ya sa bai wadatar ba? Idan ana shaƙarsa kullum, gurbin da ke jikin waɗannan ƙwayoyi yana daina jin kira da wuri. Tsoka za ta ci gaba da saki, mutum ya ji sauƙi, alhali iyosinofil na ci gaba da taruwa. Ranar da babban hari ya zo, hanyar ta riga ta kumbura, shaƙa biyu ba za su isa ba.

Akwai wani tsohon maganin buɗe ƙirji, tiyofilin, ɗan'uwan sinadarin kafin da ke cikin shayi da gahawa. Masana a Landan, ciki har da Farfesa Peter Barnes, sun nuna cewa ɗan kaɗan daga cikinsa yana kwantar da fararen ƙwayoyin jini. Sai dai tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke cutarwa ƙarama ce. Idan ya yi yawa yana jawo amai, bugun zuciya har da jijjiga. Don haka kada wani ya karanta wannan ya nufi kemis.

Mai kwantar da kumburin da gaske ita ce wadda abokina ya yi watsi da ita, inhelar sitiroid. Ba a jin aikinta nan take, sai an yi kwanaki ko makonni ana shaƙa. Shi ya sa a 2019 ƙungiyar GINA, mai fitar da ƙa'idojin kula da asma a duniya, ta daina ba manya da matasa shawarar dogaro da shuɗiyar ita kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wannan shekarar mutum miliyan 262 ne ke da asma, kuma 455,000 suka rasu sanadinta, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin tamu.

Ga ma'auni mai sauƙi: idan kana ƙarar da shuɗiya uku ko fiye a shekara, ko asma na tashe ka da dare, je ka ga likita. Kada ka jefar da ita, domin ita ce mai ceto lokacin hari. Amma ka riƙe ta biyun kamar yadda aka rubuta maka, ka kuma kurkure baki bayan shaƙa.

Abokina ya fito da tasa daga akwati, yanzu tana kusa da burushinsa don kada ya manta. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.