Sharhi: Da wane ma'auni ake gane ofishin miƙa fasaha na jami'a ya yi aiki?

Tun daga 2006 hukumar NOTAP, wadda aka kafa a 1979, take buɗe ofisoshin kare haƙƙin ƙirƙira da miƙa fasaha a jami'o'i da cibiyoyin bincike na Najeriya. Aikinsu shi ne su ɗauko abin da malamai suka gano a ɗakin gwaji, su yi masa rajistar mallaka, su nemo kamfanin da zai mai da shi hajar kasuwa. Abin da aka fi shela da shi a taruka shi ne yawan ofisoshin da aka buɗe da yawan takardun mallakar da aka raba. Amma takardar da ke rataye a bangon ofishin shugaban jami'a ba ta nuna cewa wani ya amfana.

Wannan tsari daga Amurka aka aro shi. Kafin dokar Bayh-Dole ta 1980, gwamnatin ƙasar tana riƙe da takardun mallaka kimanin 28,000, waɗanda ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne aka ba kamfanoni lasisinsu. Dokar ta sakar wa jami'o'i mallakar abin da suka ƙirƙira da kuɗin gwamnati, sai ofisoshi suka yawaita. Jami'ar Stanford ta zama abin kwatance: fasahar sarrafa ƙwayoyin halitta ta Cohen da Boyer ta samar da fiye da dala miliyan 250, kuma a 2005 jami'ar ta sayar da hannun jarinta na Google a kan dala miliyan 336.

Sai dai irin wannan dace ba kowa yake samu ba. Rahoton da cibiyar Brookings ta fitar a 2013 ya nuna cewa a 2012 jami'o'i takwas kacal suka kwashe rabin kuɗin lasisin da aka samu, yayin da kashi 84 cikin 100 ba su tara abin da zai biya albashin ma'aikatan ofishin da kuɗin lauyoyi ba. Ke nan idan riba ce ma'auni, yawancin ofisoshin ƙasar da ta ƙago tsarin sun faɗi.

Auna aiki da kuɗi yana da wata illa kuma. Jami'ar Yale ta ba kamfanin Bristol-Myers Squibb lasisin maganin ƙanjamau d4T, tana karɓar miliyoyin daloli duk shekara, alhali masu cutar a Afirka ta Kudu ba sa iya sayen sa. Sai a 2001, bayan ɗalibai da ƙungiyar likitoci ta MSF sun matsa lamba, aka karya farashin. A kan takarda, shekarun tsadar su ne mafi kyau a tarihin wannan lasisi.

A gida ma akwai darasi. Cibiyar NIPRD da ke Abuja ta samar da maganin sikila mai suna Niprisan, aka ba kamfanin Xechem lasisi a 2002, kamfanin ya durƙushe a 2008, magani ya yi ƙaranci. An samu takarda, an samu lasisi, duk lissafi ya cika, marasa lafiya kuwa suna jira.

Sannan ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ire-iren masararta na SAMMAZ da wakenta na SAMPEA suka shiga gonaki da dama. Mai ƙidayar takardun mallaka zai iya wucewa bai lura da ita ba.

Saboda haka tambayoyin da ya kamata majalisa da asusun TETFund su riƙa yi su ne: nawa aka kashe wa ofishin, wata nawa malami ke jira kafin a amsa masa, lasisi nawa ne suka zama kaya a kasuwa bayan shekara biyar, kuma nawa talaka ke sayen su. Jami'o'in Amurka suna miƙa alƙalumansu ga ƙungiyar AUTM kowace shekara. Babu abin da ya hana NOTAP ta buƙaci irin wannan daga kowace jami'a, ta wallafa shi kowa ya gani.