Kada Mu Jefar Da Lalataccen Iyafis A Bola



Ranar Asabar na fasa iyafis ɗin yayana da ya daina aiki. A ciki na tarar da ɗan maganaɗisu mai sheƙi, bai kai ƙwayar wake ba. Na gwada shi da ɓallin baƙin maganaɗisu na tsohuwar rediyo mai girmansa. Mai sheƙin ya fi ɗaukar ƙananan ƙusoshi nesa ba kusa ba. Ranar Litinin na kai wa malamin kimiyya, ya yi mini bayani.

Ashe maganaɗisu ba duka ɗaya ba ne. Mai sheƙin haɗi ne na baƙin ƙarfe, da wani ƙarfe mai suna niyodimiyam, da ɗan boron. A shekarar 1982 Masato Sagawa ya gano shi a Japan, wasu masana a Amurka su ma suka gano shi a daidai wannan lokaci.

Sirrinsa biyu ne. Na farko, ana niƙa haɗin ya zama gari mai laushi sosai. Kowace ƙwaya ƙaramin maganaɗisu ce. Sai a sa su duka su fuskanci gefe ɗaya, kamar yadda muke tsayawa a layin asambuli, a matse, a gasa. In ƙwayoyin suka fuskanci ko'ina, ƙarfin zai ragu.

Na biyu, abin da ake ƙarawa. Irin na gama-gari yana fara rasa ƙarfi in zafi ya wuce digiri 80. To injin mota mai aiki da lantarki yana ɗaukar zafi. Shi ya sa ake zuba ɗan disfurosiyam domin ya jure, kamar yadda 'yar kanwa ke gyara miyar kuɓewa. Sheƙin kuma rufin nikel ne, don yana saurin tsatsa.

Ra'ayina shi ne, bai kamata mu tsaya ga haddace darasin maganaɗisu daga allo ba. Da yawanmu za su zana shi a jarrabawa ba su taɓa riƙe shi ba. Wani zai ce babu kuɗin sayen kayan gwaji. Gaskiya ne, amma wannan ba ya buƙatar ko kwabo. A ajiye kwali a ofishin malamai, kowa ya kawo lalataccen iyafis ko sifika daga gida. Malami ya ciro maganaɗisun, mu gwada da hannunmu. Gani ya kori ji.

Sai dai a kiyaye. Kada a kai wa ƙannenmu su yi wasa da su. In yaro ya haɗiye guda biyu, za su iya manne wa juna a cikin hanji har su huda shi.

Ni dai na fara kawo nawa. Saura naku.

Daga ɗalibin aji biyu, ƙaramar sakandare,
Kulob ɗin 'Yan Jarida.