FILIN LAFIYA: Kifi Mai Maiƙo da Idon Mai Ciwon Sukari

Ciwon sukari ba ya yi wa ido sallama kafin ya shiga. Can cikin bayan ido akwai wani tantani siriri mai karɓar haske, wanda likitoci ke kira ratina. Idan sukari ya daɗe yana yawa a jini, sai ƙananan hanyoyin jinin tantanin nan su raunana, wasu su riƙa yoyo, wasu su toshe. Mutum yana nan yana karanta jaridarsa sarai, ɓarna kuwa tana ci a ɓoye.

Shi wannan tantani cike yake da wani irin mai da ake kira DHA, watau ɗaya daga cikin dangin omega-3. Kaɗan ƙwarai jiki ke iya haɗa shi da kansa. An fi samunsa a kifin teku mai maiƙo, kamar titus da sadin da shawa. Man gyaɗa da manja, duk da daɗinsu a miya, ba su da shi.

To, shin cin kifin yana kare ido? A 2016 masana a ƙasar Sifen suka buga sakamakon bin sawun masu ciwon sukari 3,482, yawancinsu dattawa, har wajen shekara shida. Waɗanda ke samun miligiram 500 na omega-3 irin na kifi a kullum, gwargwadon cin kifi mai maiƙo sau biyu a mako, haɗarin kamuwarsu da mummunar cutar ratina ya ragu da kashi 48 bisa ɗari. Labari ne mai daɗi, amma a yi hattara: tambayarsu aka yi abin da suke ci, ba raba musu aka yi ba. Mai yiwuwa ne mai cin kifi ya fi kula da kansa ta wasu hanyoyin ma.

A Ingila kuwa Jami'ar Oxford ta gwada kafson man kifi a kan masu ciwon sukari 15,480. Rabi suka sha giram ɗaya kullum, rabi aka ba su kafson da babu man kifi a ciki. Da sakamakon ido ya fito a 2024, ba a ga wani bambancin a zo a gani ba. Saboda haka wanda ɗan tallan magani ya tare a tasha da kwalbar man kifi wai maganin makanta, ya riƙe kuɗinsa, ya sai wa iyali titus, a gasa ko a dafa.

Kifin ma ba ya maye gurbin tsare sukari da hawan jini. Wanda ciwon ya same shi da girma, lalle a duba idonsa tun lokacin da aka gano ciwon, sa'an nan shekara-shekara, ko da yana gani garau. Akan ɗiga magani a buɗe ƙwayar ido don a leƙa ciki, gani ya dushe na 'yan sa'o'i. Ranar nan ya tafi da ɗan rakiya, kada ya tuƙa mota.