Mai asusu ne ke da ikon cewa a daina cira

Duk wanda ya rubuta lambobin katinsa na banki a shafin wani kamfani, ya haɗa da ukun nan na bayan katin, sannan ya danna amincewa da biyan wata-wata, to ya miƙa wa kamfanin mabuɗin rumbunsa ne. Daga ranar kamfanin ke zaɓar lokacin ɗiba, sau da yawa shi ke yanke adadin, kuma ba ya bukatar sake yin sallama. Da haka ake biyan Netflix da Spotify da wurin ajiyar hotuna na Google, da haka kuma manhajojin ba da rance ke karɓar kuɗinsu. Tsarin yana da sauƙi, babu mai musu. Rigima tana tashi ne ranar da mai katin ya ce ya isa haka.

A zauren banki an san yadda maganar take tafiya. Mutum ya bi layi, ya zauna gaban ma'aikaciyar sauraron koke, ya miƙa mata wayarsa tana nuna saƙon cirar naira dubu bakwai da ya shigo masa da ƙarfe biyun dare. Ta duba kwamfuta ta ɗago kai ta ce, "Alhaji, ai wannan ba daga wurinmu ba ne. Ku kuka ba su izini, sai dai ku nemi kamfanin su tsayar." Kamfanin kuwa ba shi da ofis a Kano ko Gusau, lambar wayarsa ba ta shiga, wasiƙar da aka aika masa kuma na'ura ce ta amsa ta. Wata na zagayowa a sake cira.

Wannan amsa ta "je ka nemi kamfanin" ita ce bankunan Birtaniya suka yi shekaru suna ba mutanensu, alhali doka ta riga ta hana su. Tun watan Nuwamban 2009 ƙa'idojin biyan kuɗi na ƙasar suka ba mai asusu 'yancin janye izininsa ta hannun bankinsa kai tsaye, muddin ya sanar kafin a tashi aiki a ranar da ke gabanin ranar cirar. Ba a ce sai ya fara tuntuɓar kamfanin ba, ba a kuma ce sai kamfanin ya yarda ba. Duk kuɗin da ya fita bayan sanarwar, doka ta ɗauke shi a matsayin wanda aka cira ba da izini ba, kuma banki ne zai mayar. Amma doka tana takarda, ma'aikatan kanta suna ta maimaita tsohon karatu.

Waɗanda suka fi cin moriyar wannan sakaci su ne masu ba da ƙaramin rance na kafin albashi. Mafi shahara a cikinsu, Wonga, ya taɓa tallata ruwan da ya haura kashi 5,000 cikin ɗari a lissafin shekara. A wancan lokacin irin waɗannan kamfanoni sukan karɓi lambar katin mai cin bashi tun ranar farko, idan lokacin biya ya yi su yi ta gwada asusun. In cikakken kuɗin ya ƙi fita, sai su rage adadin su sake gwadawa, har su kwashe ɗan abin da ya rage. Ma'aikaci ya wayi gari albashi ya shigo ya fita, kuɗin haya da na cefane sun bi ruwa, ya ruga banki a ce masa ba su da ta cewa.

Sai a watan Yunin 2013 hukumar FCA mai sa ido kan harkokin kuɗi, wadda a lokacin ba ta wuce wata uku da kafuwa ba, ta sanar cewa manyan bankunan ƙasar sun amince za su riƙa tsayar da cira da zarar mai asusu ya nema, za su mayar da duk abin da ya fita bayan haka, za su kuma koma kan koke-koken da aka kai musu tun daga Nuwamban 2009 su biya waɗanda aka zalunta. Daga 1 ga Yulin 2014 aka ƙara ɗaure masu rancen kafin albashi: gwaji biyu kacal aka yarje musu, in duka biyun sun gaza dole su dakata, kuma an hana su yagar wani ɓangare na kuɗin ba da yardar mai shi ba. A farkon 2015 aka ƙayyade ruwan da za su ɗora, Wonga kuwa ya durƙushe a 2018. Abin lura a nan shi ne ba a ƙirƙiro wani sabon haƙƙi a 2013 ba. Hukuma ce kawai ta tashi tsaye ta sa bankuna suka bi abin da ke rubuce tun shekara huɗu kafin nan.

Akwai gaskiyar da bai kamata a ɓoye ba. Tsayar da cira ba ya goge bashi, ba ya kuma warware yarjejeniya. Wanda ya sa hannu zai biya kuɗin wurin motsa jiki na shekara guda, ya je banki a wata na uku ya rufe famfo, har yanzu ana bin sa sauran, kuma kamfanin na iya kai shi ƙara. Haƙƙin da ake magana a kai bai wuce wannan ba: mai asusu ne zai yanke shawarar abin da zai fara biya da kuɗinsa, in kuma akwai jayayya a yi ta kuɗin yana aljihunsa.

Wasu ƙasashen sun bi ta wata hanya. A Amurka dokar tura kuɗi ta na'ura ta 1978 ta ba mutum damar umartar bankinsa ya tsayar da cirar da aka tsara, in ya sanar da kwana uku na aiki kafin ranar. Can ma an sha fama da kamfanonin da ke buɗe ƙofar shiga su toshe ta fita: hukumar kasuwanci ta tarayya ta maka Amazon a kotu a 2023 kan wahalar da take ba masu son barin tsarin Prime, aka sasanta a Satumban 2025 a kan dala biliyan 2.5, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Indiya ce dai ta fi yin abin da ya dace da ƙasa mai yawan masu ƙaramin ƙarfi. Daga Oktoban 2021 babban bankinta ya wajabta a aika wa mai kati saƙo aƙalla awa 24 kafin kowace cira, ɗauke da sunan kamfani da adadin kuɗi da hanyar cewa a'a. In kuɗin ya wuce wani adadi, wanda a lokacin yake rupi 5,000 daga baya aka ɗaga zuwa 15,000, sai mai katin ya tabbatar da kansa kafin ya fita. Kamfanonin waje sun yi ƙorafi, biyan kuɗi ya ɗan rikice na 'yan watanni, daga baya kowa ya saba.

A Najeriya dabarar da aka fi sani ita ce kashe katin a karɓi sabo, a biya kuɗinsa. Wani lokaci tana aiki. Sai dai Visa da Mastercard suna da tsarin da ke miƙa wa kamfanoni bayanan sabon kati kai tsaye a inda bankin ya shiga tsarin, domin kada biya ya katse, don haka canjin kati ba tabbas ba ne. Wasu kuma sukan kwashe kuɗinsu su bar asusun fayau, su koma ajiya a wani wurin. Duk wannan wahala ce da mai gaskiya ke sha saboda an ƙi ba shi maɓalli guda a manhajar banki. Bankin da ya iya sa wa mutum wurin rufe katinsa daga sayayyar intanet gaba ɗaya, ba zai kasa nuna masa jerin kamfanonin da ke da izinin cira a asusunsa ya zaɓi wanda zai sallama ba.

Masu ba da rance za su ce in aka sauƙaƙa tsayarwa, maciya amana za su ci bashi su rufe ƙofa. Hujjar tana da nauyi, amma ba a bar mai bin bashi hannu rabbana ba. Akwai kotu, akwai hukumomin da ke ajiye tarihin masu cin bashi, kuma tun Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ke ba banki damar bin lambar BVN ya karɓi bashinsa daga asusun mutum a wasu bankunan. Halin wasu manhajojin rance ma, na aika wa dangin mai cin bashi saƙonnin tozarci, shi ya sa hukumar kare masu saye ta FCCPC ta fito da ƙa'idojin yi musu rajista a 2022. Masu irin wannan tarihi ba su cancanci a bar musu asusun talaka a buɗe ba.

Abin da ya rage wa Babban Banki shi ne ya faɗi maganar ƙarara yadda ma'aikacin kanta ba zai iya kauce mata ba: in mai asusu ya ce a tsayar, banki ya tsayar, in kuma ya bari kuɗi ya fita shi zai biya. Ya haɗa da saƙon gargaɗi kafin cira irin na Indiya, tunda dama ana cajin mutane kuɗin saƙon da ke zuwa bayan an riga an cira.

Kafin a kai ga haka, mai kati yana da hanyar bi ƙarƙashin ƙa'idojin kare abokan hulɗa da Babban Bankin ya fitar a 2019. Ya rubuta wa kamfanin cewa ya janye izininsa, ya ɗauki hoton saƙon. Ya rubuta wa bankinsa a takarda ko ta imel, da sunan kamfanin da adadin kuɗin da ranar da ake cira, kada ya tsaya ga maganar baki, kuma kada ya tashi daga kujerar sai an ba shi lambar shaidar koke. In mako biyu ya wuce bankin bai warware ba, sashen kare abokan hulɗa na Babban Bankin yana karɓar ƙorafi, kuma abin da zai fara tambaya shi ne wannan lambar.