Ko Ba Ka Cin Gadu, Cutarsa Tana Iya Iske Ka

Maigida, ka san gadu, wanda waɗansu ke kira mugun dawa, watau aladen daji. Yawancin manoma ba su ganin laifinsa sai na ɓarnar gona, ya tone gyaɗa da rogo da dankali. In an ce yana ɗauke da cuta, sai ka ji mutum ya ce, "Ina ruwana, ni da ba na cin namansa?" To, a ganina wannan magana kuskure ce, gama ba ta tukunya kaɗai cutar gadu ke shigowa gida ba.

Da fari dubi garkenka. Tsandon daji yana son jinin gadu ƙwarai. Cikin jinin nan kuwa a kan sami ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani, shi gadu ba su kā da shi. Tsando ya sha jininsa, bayan kwanaki ya ciji saniya ko doki ko jaki, shi ke nan sammore ya shiga. Saniya ta rame, nono ya ƙafe, wata ma ta yi ɓari. Mai ita bai taɓa gadu ba, ga shi ya yi hasara.

Na biyu, ruwa. Gadu ya kan yi birgima cikin taɓo a bakin tafki, ya bar fitsari da kashi. Daga tafkin nan kuwa ake shayar da dabbobi, daga nan yara ke ɗebo na sha.

Na uku, naman kansa. Akwai wata 'yar mitsitsin tsutsa da ke ɓuya cikin tsokarsa. Wanda ya ci naman bai dahu sarai ba ya kan yi zawo da zazzaɓi, fatar idonsa ta kumbura, jiki duka ya yi ciwo. A shekarar 1961 likitoci a Kenya suka ba da labarin waɗansu yara da suka kamu da ita don sun ci aladen daji. Banda da shanya ba su kashe ta. Maharbin da ya sayar wa maƙwabci, ko ya jefa wa karensa ɗanye, ya raba cuta ke nan.

Masu kiwon alade kuma su ji. Akwai zazzaɓin aladu wanda ba ya kama mutum, amma ya kan share garke kaf. A Kenya aka fara bayyana shi a 1921, kaskar ramin gadu ke kai shi ga aladun gida. Ya ɓarke a Nijeriya a 1997. Ba shi da magani.

Ba cewa na yi a tashi a ƙare gadu ba. Nisa da shi ake so. Kada a kai shanu kiwo kurmin da ke da tsando. A sare sarƙaƙiyar da ke kewaye da mashaya. A tafasa ruwan tafki kafin a sha. Wanda ya taɓa mushen gadu ya wanke hannu da sabulu, a binne mushen cikin rami mai zurfi. In dabba ta soma rama, a gaya wa malamin dabbobi. In mutum ne ya yi zazzaɓi da kumburin ido, a kawo shi ɗakin magani tun da wuri, a kuma faɗi abin da ya ci, kada a ɓoye don kunya.

Rigakafi ya fi magani.